Ƙwayoyin da Na Ɓoye a Shafin Hula

Yau shekaruna saba'in da shida a duniya, al'amarin da zan faɗa kuwa ya auku ne shekara huɗu da suka shige, sa'ad da gwiwoyina suka fara yi mini gardama.

Tun ina saurayi da ƙafa nake zuwa masallacin Juma'a daga gidana a Lamisula, ban kuwa yarda a gan ni an ɗauko ni a keke kamar buhun albasa ba. Saboda haka na sami wani mai kemis ya ba ni ƙwayoyin kashe ciwo da kumburi, iri biyu, ja da fari. Sun yi aiki ƙwarai. Amma da yake ba na son uwargida ta san tsufa ya cim mini, sai na farke shafin hulata kaɗan na riƙa cusa su a ciki. Kullum da sassafe in haɗiye biyu a ƙofar gida, babu kome a cikina sai ɓarin goro.

Bayan wata biyu cikina ya ɗauki zafi, sai ka ce an zuba garwashi. Burabisko da miyar bandar kifi, abincin da na fi ƙauna, ya gagare ni. Uwargida ta tambayi dalili, na ce yaji ne ya yi yawa. Ta yi kwana biyu ba ta dube ni da fara'a ba.

Ran wata Alhamis ta kwashi hulunana ta aika wa mai wankin hula a Hausari, aminina tun ƙuruciya, Babarbare mai kaifin harshe. Bai duba ba ya tsoma hular a ruwa, kumfa ta koma ja. Da la'asar sai ga shi a zaurena, yana ɗaga hular sama, muryarsa har cikin gida.

"Alhaji, hula aka kawo mini ko kantin magani? Dubi abin da ƙwayoyin nan suka yi wa farin zare! To, ina ga tumbinka?"

"Rage murya, tsohon banza," in ji ni.

"Na ji kome," in ji uwargida daga bayan labule. "Ashe yajina ne ya yi yawa, ko?"

Kashegari su biyun suka tasa ni gaba zuwa asibiti. Likita ta tambaye ni launin bayan gidana. Na dubi rufin ɗaki, sannan na amsa cewa ya fara baƙi.

"Baba, jini ne wannan," ta ce. "Akwai wata majina da ke kare bangon ciki, waɗannan ƙwayoyi rage ta suke yi. Kun haɗa iri biyu, ga ciki wayam, shi ya sa gyambo ya buɗe. Ku daina su daga yau."

Ta rubuta mini maganin rage tsamin ciki da zan sha kafin karin kumallo, da man shafawa a gwiwa. Na tambaye ta a hankali ko keke ya zama dole. Ta ce in taka abina, amma da sanda.

Sandar ta yi mini kyau, har wasu suka zaci sarauta aka ba ni. Bayan mako shida na taka zuwa masallaci na komo, na zauna na share akushin burabisko tas. Uwargida ta shaida wannan, haka aminina mai wankin hula, wanda har yau sai ya laluba shafin hulata kafin ya jiƙa ta.