Uwar Ɓeraye

Gwaggona ta yi yawancin rayuwarta a wani ɗaki marar taga, a bayan wata cibiyar binciken magunguna. Keji ne jere har sama, cike da fararen ɓeraye, ga warin dussa da sabulu. Ita ke ba su abinci, ita ke canza musu shimfiɗa, shi ya sa ma'aikata suka laƙaba mata Uwar Ɓeraye.

A lokacin ana gwada wani sinadari da aka tace daga ganyen wata bishiya, ana fatan zai sauke hawan jini. Gwaggo kan ɗiga wa ɓera ruwan a baki, ta ɗumama masa wutsiya, ta ɗaura ɗan abin awo, tana yi masa magana kamar jariri. Jinin ɓerayen kuwa ya riƙa sauka.

Mijinta direban babbar mota ne, shi ma hawan jinin ke damunsa. Ya tsani ƙwayoyin asibiti, wai suna sa shi tsayawa fitsari a kowace kwana.

"Ɓerayenki sun fi ni gata," ya kan ce yana dariya. "Ki ɗan tsiyayo mini a kwalba mana. Ko sai na tsiro da wutsiya?"

Ta tambayi likitar da ke shugabantar aikin. Likita ta zaunar da ita ta ce, "Gwaggo, ba mu san abin da zai yi wa ƙodar mutum ba tukuna. Ki lallaɓa shi ya sha na asibitin."

Ta lallaɓa, ta yi faɗa, har ta yi kuka. Ya sha na ɗan lokaci ya watsar. Wata safiya yana wanke gilashin motarsa, tsumman ya suɓuce, shi ma ya bi shi ƙasa. Ɓarin jikinsa ya shanye, maganarsa ta ɗauke. Gwaggo ta ajiye aiki ta koma jinya. Ita ke juya shi, ita ke ba shi ruwa da cokali, har Allah ya karɓi abinsa.

Shekaru suka ja. Nata jinin ma ya hau. Ran nan ta ji an fara gwada maganin a jikin mutane, ta ce in raka ta. Sababbin ma'aikata ba wanda ya san ta, sai da likitar ta fito, kai duk furfura, ta rungume ta.

Aka ɗebi jininta, muka zauna a benci. Da sakamako ya fito, likita ta ce ƙodarta ta riga ta yi rauni, ba za a iya sa ta a gwajin ba.

Gwaggo ta gyara mayafinta. "To, Allah ya sa ya amfani wasu," ta ce.

A bakin titi na tare mana mota. Ta ce in sallami direban, ta fi son mu taka.