Inda Faifan Ya Fara Sauka

Shekarar da kogin Yamai ya janye har ana taka cikinsa da ƙafa, ina ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, ɗan Damagaram mai dogayen hannuwa. Tun shekara biyu kafin nan mushe, wato malamin da ke koya mana motsa jiki, ya dube ni ya ce an halicce ni don jifan faifai. Faifan na katako ne da bakin ƙarfe, guda ɗaya tak a makarantar. Shekara biyu ina juyi cikin da'ira ina wurga shi, har ɗan yatsana ya yi kanta.

Doka ɗaya mushe yake nanata mana: ana awo daga inda faifai ya fara taɓa ƙasa, gangarawarsa ba ta cikin lissafi. Saboda haka kafin kowace gasa yakan sa a yayyafa wa fili ruwa, don tabon ya fito.

Ranar zaɓen gwani aka kai mu wani fili wajen unguwar Gamkalley. Mutum ɗaya za a ɗauka ya shiga ƙungiyar ƙasa, kuma shekarata ta ƙarshe ke nan. Wani kaftin na soja aka ɗora kan gasar, don a lokacin ko rabon gero sai da mai kaki. Ya hana yayyafin, ya ce lambuna na mutuwa, ba za a shayar da fili ba. Wannan ban ga laifinsa ba. Amma ƙasar ta bushe kamar siminti, faifai ya sauka ba ya barin tabon kirki, sai kaftin ya yanke cewa a auna daga inda ya tsaya.

Na yi jifan da ban taɓa yin irinsa ba. Faifan ya tashi sama, ya sauka kwance, ya tsaya cak. Abokin karawata, wani soja da bai iya ko juyi ba, ya wurga nasa ƙasa-ƙasa. Ya faɗi a rabin tazarata, ya hau gefensa ya yi ta gangarawa kamar tayar keke, ya wuce nawa da taku uku. Aka ja igiyar awo, aka tafa masa. Har yau in na tuna tafin nan raina ɓaci yake.

Ban riƙe sojan a zuciya ba, kaftin kuwa jahilcinsa ya yi. Mushe nake kallo. Yana tsaye cikin fili ya sunkuyar da kai.

Da kowa ya watse ya yafito ni. Ashe duk lokacin nan yana tsaye ne kusa da wani ɗan ƙwarzane, yana tsare shi kada a taka.

"Nan naka ya sauka," in ji shi. "Kai ka ci."

Na ce, "Na sani, mushe. Kaftin ne bai sani ba, kuma ɗazu yana nan ba ka gaya masa ba."

Ban ƙara taɓa faifai ba.