Ranar da Na Ga Abba da Jita

Ranar wata Juma'a ce cikin watan Mayu na shekarar 2014, ina da shekara goma sha ɗaya, zafin Riyad ya kai inda ƙarfen ƙofa ke ƙona hannu. An sauko daga masallaci, maza bakwai ko takwas sun cika falonmu a unguwar Ulaisha kamar yadda suka saba, sun zagaye farantin shinkafar kabsa da Umma ta barbaɗa wa yajin ƙuli-ƙuli don ta yi ɗanɗanon gida. Kawu Tanko, abokin mahaifina da ke aikin lodi a wani sito a unguwar Sulai, ya ɗago wayarsa ya ce an turo masa wani abu daga Najeriya da kowa ke magana a kai, amma gilashin wayar ya tsage, bai ga komai sosai ba. A gidanmu ni ce na san kan waya da talabijin, don haka aka ƙwala mini kira. Na jona wayar da talabijin, na danna, na tsaya. Sai ga wasu dattawa huɗu masu furfura zaune a kujerun katako a gindin wani dutse, suna kaɗa jita a hankali, ɗayansu yana waƙa da murya mai taushi kamar mai lallashin jariri. Abba ya ɗaga hannu zai ce a kashe, sai hannun ya tsaya a sama. Aka nuno wani tsohon hoto: saurayi mai tulin gashi, rigarsa a buɗe har cibiya, ya gantsare da jar jita, bakinsa a wangame. An yi rubutu a ƙasa. Ni kuwa lokacin ina taƙamar na fara iya karanta Hausar boko, sai na karanta da ƙarfi, "Isiyaku Wuta, ɗan'uwanmu da ya tafi gabas." Sai da na rufe baki na lura da tabon da ke saman girarsa ta hagu. Tabon Abba ne.

Kafin wannan rana, da wani ya ce mini mahaifina ya taɓa riƙe jita, da na yi masa dariya. Malam Isiyaku ake kiransa. Direban wani iyali ne a unguwar Badi'a, shekara goma sha biyar yana tare da kafil ɗaya, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki, ba a taɓa jin kansu ba. Gemunsa ya sauko har ƙirji, wandonsa ba ya wuce idon sawu, rediyon motarsa kuma tasha ɗaya ya sani, ta karatun Alƙur'ani. Duk safiyar Asabar yaran Hausawan unguwarmu kusan goma sha biyu sukan taru a falonmu yana biya musu karatu, ni ce mai shimfiɗa tabarmi da jera gorunan ruwa. A Riyad aka haife ni, Larabci ya fi zama a bakina fiye da Hausa, kuma duniyata ba ta wuce makarantarmu ta 'yan mata, da shagon ɗan Yaman da ake aikena sayen burodin tamis, da saman rufin gidanmu. A can sama nake shanya, kayan kan bushe kafin in gama maƙala na ƙarshe. A can muke zana gidan ɗaki da alli muna tsalle da 'ya'yan maƙwabtanmu 'yan Sudan, mu ɓuya bayan tankin ruwa, mu kori tattabaru. Ko a can ɗin in za mu rera wani abu, sai mun rage murya. Wata biyu kafin Juma'ar nan wata ƙawata ta ara mini 'yar na'urar jin waƙa, Abba ya gan ta a jakata, ya karɓe, ya mayar wa mahaifin yarinyar da hannunsa. Bai dake ni ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "A gidan nan ba a jin kiɗa, Rukayya, kin sani." Kwana uku na yi ban iya kallon ƙawar tawa ba don kunya.

To, wannan mutumin ne a talabijin da ƙirji a buɗe. Waƙar ta ci gaba da tafiya. Wani ya bar loma a hannu. Kawu Tanko, wanda a Riyad suka haɗu da Abba kuma bai san komai ba, ya riƙa cewa, "Wallahi Malam ban sani ba, wallahi ban gani ba." Wani ɗalibin ilimi daga Nijar ya miƙe ya ce yana da uzuri, ya sa takalmi ya fita. Abba ya dube ni ya ce, "Cire." Na cire. Ya wanke hannunsa, ya shige ɗaki, ya bar baƙinsa da shinkafa. Da na ruga kicin na gaya wa Umma, ban ga mamaki a fuskarta ba, kuma wannan ya ƙara firgita ni. Ashe ta sani.

Cikin sati guda na ji sauran labarin, ba daga bakinsa ba. Sunan ƙungiyar 'Yan Kuza. A Jos suka tashi tun kafin a haife ni da daɗewa, kiɗan rok suke yi irin mai ƙara da kururuwa, sai dai da Hausa. Sun yi tashe, suka dusashe, aka manta da su. Da suka tsufa ne suka sake haɗuwa suka fitar da faifai mai sanyi, kiɗa a hankali, waƙoƙin kewa da nadama, kuma shi ne ya fi duk abin da suka taɓa yi kasuwa. A Riyad ba a jin kiɗa a shago ko a titi a lokacin, amma faifan ya bi wayoyi kamar mura. Direbobi suna saurare a mota da gilashi a rufe. Ma'aikatan Sulai suna gardama a kansa a ɗakunansu, Kawu Tanko ya ce waɗanda suka san 'Yan Kuza na da suna cewa tsufa ya kama su sun koma masu kiɗan biki, matasa kuma suna cewa sai yanzu suka iya waƙa. Mata suna tura wa juna suna kuka. Ɗaliban ilimi suna cewa mai ƙara da mai sanyi duk hukuncinsu ɗaya. Kuma duk inda aka yi zancen, sai an ƙare da tambaya ɗaya: wai da gaske Malam Isiyaku na Ulaisha ne?

Asabar ta zagayo, na shimfiɗa tabarmi, na jera goruna goma sha biyu. Yara huɗu suka zo. Abba ya biya musu karatu kamar ba abin da ya faru, amma na ji ya yi tuntuɓe a ayar da ya haddace tun ban zo duniya ba. Ni kuwa ban tausaya masa ba. Haushi nake ji. Ina kallon gemunsa ina tuna saurayin hoton, ina tambayar kaina wanne ne na gaskiya. Na daina gaishe shi da fara'a, in ya shigo sai in haye sama in ce zan kwashe shanya.

Ranar Talata da safe ya ce in bar motar makaranta, shi zai kai ni. Mun yi nisa, sai ya faka a inuwar wani gini, ya zaro wayarsa ya miƙo mini. Ya ce, "Tanko ya turo mini. Ban iya buɗewa ba. Sa mana." Na zuba masa ido, ya gyaɗa kai. Na sa. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana kallon gaba, waƙa ta farko ta wuce, ta biyu ta shiga. Ina jira ya yi istigfari ya ce in kashe. Sai ya girgiza kai ya ce, "Me suka yi wa kiɗan nan? Jitar nan barci take. Mu da in muka fara sai kwanon rufi ya girgiza." Wallahi ko hoton bai ba ni tsoro kamar wannan magana ba. Muryarsa ma ba tasa ba ce, ta wani mutum ce mai zafin kai da ban taɓa haɗuwa da shi ba. Ya ci gaba da ƙorafi, wai mai gangar ba shi da hannu, wai sun tsaya inda ya kamata su ruga.

Da ya ambaci mai ganga sai ya daina ƙorafin. Waƙar da aka sa hotonsa a ciki ta shigo, ya saurare ta har ƙarshe, hawaye na bin gemunsa, bai share ba. Sannan ya ba ni labari a taƙaice. Mai gangarsu na farko ƙanensa ne, Sani. Suna dawowa daga wasa a hanyar Bauchi, Abba ne ke tuƙi, kwana biyu bai yi barci ba, ya gyangyaɗa. Shi ya tashi da tsaga a gira, Sani bai tashi ba. Mahaifiyarsu ba ta taɓa ce masa komai ba, kuma ya ce shirun nata ne ya kore shi daga Jos. Ya bayar da jitar, ya bar gari, bayan wasu shekaru ya samu hanyar Saudiyya. "Ban ce ki yarda da duk abin da na hana ki ba," in ji shi. "Amma in na ji kiɗa, hanyar nan nake gani." Ban san ina da wani kawu mai suna Sani ba sai ranar. Na makara, malama ta tsayar da ni a bakin aji, ban ko ji faɗanta ba.

Juma'ar da ta biyo baya mutane suka zo fiye da kullum, wasu don abinci, wasu don kallo. Kafin a sa hannu Abba ya ce, "Wanda kuka gani ni ne. Ban ɓoye don in yaudare ku ba, na ɓoye ne don ba na iya faɗa. Wanda ya ga ɗansa bai dace da karatu a wurina ba, ba zan riƙe shi a zuciya ba." Sai Kawu Tanko ya ce shinkafa tana hucewa. A hankali yara suka dawo, amma ba duka ba. Gida biyu ba su sake turo nasu ba har muka bar ƙasar, ɗalibin nan kuma ya koma gaisuwar nesa. Dokar gidanmu ma ba ta sauya ba. Abin da ya sauya shi ne, wani lokaci in muna mota mu biyu, yakan tambaye ni, "Me ake cewa game da faifan nan yanzu?" In na ce har yanzu ana yayinsa, sai ya yi tsaki ya ce mutane ba su san kiɗa ba, amma gefen bakinsa yana motsi.

Yau ina zaune a Kano, Abba kuma ya koma Jos, ya tsufa, gwiwa ta hana shi tuƙi. Ƙawayena na Riyad suna turo mini bidiyon manyan wasannin kiɗa da ake yi a fili a garin da muke rage murya a bayan tankin ruwa, yara suna tafiya da waƙa a kunne ba mai waiwayensu. Biyu daga cikin dattawan nan sun rasu, sauran biyun sukan zo gaishe shi, su sha shayi, su yi musun wanda ya lalata wace waƙa. Sun taɓa zuwa masa da jita, ya riƙe ta a cinya na ɗan lokaci, ya shafa wuyanta, ya mayar. Na nemi tsofaffin kaset-kaset ɗinsu na zamanin ƙara, ba wanda ya ajiye ko ɗaya da ake iya ji. Duk waƙar da nake so a duniya tana cikin wayata, amma har yau ban taɓa jin yadda mahaifina yake kaɗa jita ba.