Ranar da Na Sabunta Kwamfutar Baba

Ni ne ɗan fari a gidanmu, don haka ni da Baba ba mu taɓa yin hira ba. Ba gaba muke yi ba, wallahi ko kusa. Kunya ce irin ta mutanen da. Bai taɓa kama sunana ba. In zai yi zancena sai ya ce "wancan", in kuma yana son in yi masa wani abu sai ya faɗa wa Gwaggo, yayarsa da ta raine ni, ita kuma ta ƙara gishirinta ta kawo mini. Gaisuwa ce kaɗai tsakaninmu, ina durƙushe, shi yana duban wani wuri. Ƙannena kan zauna gefensa su yi ta zuba, ni kuwa a haka na girma har na tara gemu.

Ƙauyenmu yana tsakanin Kura da Bunkure, a bakin wani ƙaramin kanal da ke kawo mana ruwan Tiga. Baba ne ke yi wa manoman ranin ɓangarenmu rabon ruwa. Wanda bai yi noman rani ba zai ɗauka ƙaramin aiki ne. Ruwan ba ya isar kowa a lokaci guda. In aka bar na kusa da ƙofar ruwa da halinsu, sai su sha su ƙoshi har gonarsu ta zama tafki, na can ƙarshen kanal kuwa tumatirinsu ya ƙone a tsaye. Baba ke fitar da tsari a farkon kowane rani: wace ƙofa za a buɗe, wace rana, awa nawa. Kuma ana bin maganarsa, domin tun da ya kama aikin ba a ƙara zare wa juna fartanya a kan ruwa ba.

Da kwamfuta yake wannan aiki. Wasu masu aikin tallafi ne suka bar wa ƙungiyar manoma ita shekarun baya, wata baƙa mai nauyi kamar dutsen niƙa, da tsarin aiki mai suna Linux a cikinta. Wani injiniya a cikinsu ya rubuta ƙaramar manhaja ta rabon ruwa ya saka. Aikinsu ya ƙare suka watse, ba wanda ya san inda injiniyan ya nufa. Baba ya haura hamsin a lokacin, amma ya zauna ya koya da yatsu biyu, har da rubuta umarni a baƙin allon nan da samari ma ke gudu. Shekara goma sha ɗaya yana zuba mata abin da ya sani: girman kowace gona, wace ce jigawa mai zuƙe ruwa, wace ce laka mai riƙewa, ina kanal ke yoyo, gonar wa aka raba gado ta koma uku. Da zarar ya rubuta sunan manhajar ya danna, sai ta buɗe ta jera masa tsarin.

Ni kuma na yi difloma a kan kwamfuta, ina da ɗan shago a Kumbotso, kuma a lokacin kaina ba ya shiga hula. Mutum ya yi karatun shekara biyu sai ya ga kowa jahili.

Wata Laraba na zo gida, saura kwana biyar a yi taron rabon ruwa. Ana gama azahar Gwaggo ta shigo zaure rungume da kwamfutar, da wata 'yar takarda a naɗe.

"Ungo, ɗan boko. Ubanka ya ce a ce wa wancan ya duba masa, wai sabon injin buga takardar da ƙungiya ta saya ya ƙi jin maganarta. Ga kalmar sirrin nan ya rubuto. Kuma ka yi a hankali, ya fi son abar nan a kan mu duka."

Daɗi ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Tun da nake, bai taɓa neman wani abu daga ilimin da ya biya mini ba sai ranar. Na haɗa wayata da kwamfutar don ta samu intanet, na buɗe baƙin allo. A irin wannan tsarin ba a yawon neman manhaja nan da can. Akwai rumbu guda a intanet, kowace manhaja tana ƙunshe a cikinsa, kai dai ka rubuta umarnin da ake kira apt, ya ɗauko maka ƙunshin da kake so tare da duk ƙananan da ya dogara da su. Na rubuta apt update, na nemo ƙunshin da injin ke buƙata, na saka. Ko minti goma ba a yi ba takardar gwaji ta fito tas. Aikin da aka sa ni ya ƙare ke nan. Da a nan na rufe na miƙa wa Gwaggo kayanta, da yau ba ni da abin rubutawa.

Sai idona ya faɗa kan wani layi a ƙasa: akwai ƙunshi bakwai da aka hana sabuntawa. Na duba, na ga da hannu aka ɗaure su, da umarnin apt-mark hold. Tsofaffi ne tukuf, wasu tun zamanin da nake sakandare. Na ce a raina, ka ji aikin tsofaffi, an ɗaure abu an manta. Na ƙudura zan yi wa Baba abin da zai san ɗansa ya yi karatu: in mayar masa da ita sabuwa fil.

Na kwance su duka bakwai. Na rubuta apt full-upgrade. Kuma ina so in faɗi gaskiya a nan, na'urar ba ta cuce ni ba. Ta jero mini abin da za ta sabunta, ta jero abin da za ta cire, da manyan baƙaƙe, sannan ta tsaya ta tambaye ni ko ta ci gaba. A cikin na cirewar akwai wani suna da ban sani ba, guntu, bai yi kama da sauran ba. Na tsaya ina dubansa.

Baba yana nan waje a gindin darbejiya yana ɗaure tiyon ban ruwa da roba. Ta ƙofar zaure ina ganin ƙeyarsa. Taku biyar ne tsakaninmu. Abin da ya rage kawai in ɗaga murya in ce, "Baba, mene ne wannan?" Na buɗe baki, wallahi na buɗe, amma maganar ta ƙi fita. Shekara ashirin da tara ban taɓa tambayarsa komai ba, ta ina zan fara? Na leƙa cikin gida neman Gwaggo, aka ce ta tafi barkar haihuwa. Na dawo na zauna, na ce ai tarkace ne, na danna Y, wato ta ci gaba.

Da ta gama, don in cika gwaninta, sai na ƙara da apt clean, wanda ke share duk kwafin ƙunshin da na'ura ta adana, wai in samar masa fili. Na goge allon da gefen rigata na ajiye.

Washegari da hantsi ina karyawa, na hango shi ya shimfiɗa buzunsa ya buɗe ta. Ya rubuta da yatsunsa biyu, ya danna. Ya tsaya. Ya cire tabarau ya goge, ya sake rubutawa. Sau uku ina ƙirgawa. Daga nan ya rufe ta a hankali, ya ɗauki hularsa ya tafi gona. Kunun da ke hannuna ban san lokacin da ya huce ba.

Gwaggo ce ta zo mini kamar za ta tashi sama.

"Kai, me ka yi wa ubanka? Injin takarda aka ce ka duba, ko cewa aka yi ka yi mana gyaran gangar Auzinawa?"

"Me ya ce, Gwaggo?"

"Da ya ce wani abu ai da sauƙi! Cewa ya yi kawai abin rabon ruwan ba ya nan."

Sai a sannan na gane. Guntun sunan nan manhajar injiniya ce. Bakwai ɗin da aka ɗaure su ne ƙafafun da take tsaye a kai, in suka canza ba za ta zauna ba, shi ya sa aka cire ta tare da su. Baba bai manta ba. Duk bayan 'yan watanni yana sabunta sauran da kansa, yana barin waɗannan da gangan. Ita manhajar ba ta cikin kowane rumbu a duniya, kwafinta mai rai guda ne, yana cikin ma'ajiyar da na share da hannuna. Bayanan shekara goma sha ɗayan suna nan a fayil ɗinsu, amma ba mai iya karanta su sai ita.

Kwana huɗu na yi a zauren nan. Na maido da tsofaffin ƙunshin bakwai daga wani tsohon rumbu, amma me za su riƙe? Na gwada manhajojin tono abin da aka goge, suka tono mini tarkace. Na buɗe fayil ɗin da ƙarfi, na ga lambobi a cakuɗe, ba a san na gona ba, ba a san na awa ba. Akwai wani faifan manhajar da injiniya ya bari, Gwaggo ta lalubo shi a ƙasan akwati, amma zafi ya tanƙwara shi tuntuni. Baba na wucewa ta gabana sau biyar a rana zuwa masallaci, in gaishe shi ya amsa kamar kullum.

Ran taro na tsaya can baya. Baba ya zo da takarda ya rubuta tsarin da ka. Shugaban ƙungiya ya tambaye shi ina na'ura. Na sunkuyar da kai ina jiran a faɗi abin da na yi, kuma na rantse da an faɗa da na ji sanyi. Baba ya ce, "Ta tsufa, ni ma na tsufa. Ku yi haƙuri da abin da kai ya riƙe."

Kai bai riƙe duka ba. Gonaki sun fi a ƙirga da ka. Ya rage wa wasu na ƙarshen kanal awanni, ya manta da yoyon da ke wajen gada. Kafin a farga, dashen tumatirin gida huɗu ya ƙone, ciki har da na wata bazawara da ke noma ita da 'ya'yanta. Aka yi cacar baki a bakin ƙofar ruwa, har aka fasa wa wani kai. Na ji da kunnena wani da Baba ya girme wa ubansa yana cewa tsohon ya fara ruɗewa. Da rani ya zagayo, ƙungiya ta ba wani mutum aikin rabon. Ba wanda ya ƙara sallama a ƙofar gidanmu a kan maganar ruwa.

Na roƙi Gwaggo ta ba shi haƙuri. Ta dawo ta ce ya ce ba komai. Na tambaye ta ko yana buɗe kwamfutar, ta ce tun ranar bai ƙara taɓa ta ba, tana can ƙarƙashin gado.

Bara da na je gida, ta fito mini da ita a cikin buhu. "Ya ce a ba wancan, ko zai yi amfani da ita a shago."

Na kawo ta Kumbotso, ta yi sati ban iya buɗewa ba. Ran da na buɗe, hannuna ne kawai ya rubuta history, umarnin da ke nuna duk abin da aka taɓa rubutawa a baƙin allo, saboda sabo. Na ga nawa, layi-layi, har zuwa na kwanaki huɗun nan. A ƙarƙashinsu kuma sai sunan manhajar Baba. Sai sunan kuma. Sai sunan kuma. Na yi ta gangarawa, babu komai sai shi. Ashe Gwaggo ba ta sani ba. Baba kan jira ba kowa, ya jawo kwamfutar daga ƙarƙashin gado, ya rubuta da yatsunsa biyu, ta ce masa babu, ya mayar.

Na ƙirga har ɗari biyu da wani abu, sannan idona ya daina gani. Wani ya leƙo shagon yana tambaya ko ana saka manhaja, na ce masa yau ba a aiki.