Neman Wandon Keke a Kasuwar Maraɗi

Da ana mayar da magana ciki, da na mayar da wadda na faɗa wa mai ɗakina cewa kekena ya lalace. Keke lafiyarsa lau. Lokotoro ne ya ce in riƙa tuƙa shi kullum saboda ciwon sukari, na kuwa yi ta yi har sirdi ya goge ni a wurin da dattijo ba ya son ambata. Kunya ta hana ni faɗa. Na jingine keke a bayan rumbu, na ce sarƙa ce ta tsinke. Kafin damina ta ƙare sukarin ya hau, tafin ƙafafuna ya fara yi mini kamar ba nawa ba. Da lokotoro ya matsa mini da tambaya na faɗi gaskiya. Bai yi dariya ba. Ya yi mini magani, ya ce in ban koma kan keke ba, wata rana maganar ƙafar nan za mu zauna mu yi. Sai ya nuna mini hoto a salularsa: wandon ƴan tseren keke, mai soso a wurin zama, mai igiyoyi biyu da ake ratayawa a kafaɗa.

Na fara aiken wani direba, ya kawo mini wanda ba shi da rataya. Ya naɗe a ƙarƙashin cikina kamar an ɗaure buhu. Ni Allah ya yi ni da dogon jiki, ga tumbi, ga gajerun ƙafafu sirara. Na gane wannan saye ba na aike ba ne.

Ana sallame sallar asuba muka nufi tashar garinmu Dakoro za mu Maraɗi, ni da taubashina, ɗan ƙanwar babana, wanda tun muna yara bai taɓa barin in huta da bakinsa ba. Ya ce zai raka ni ne don ya sayo gishirin dabbobi. Na san ƙarya yake, kallo zai je. Motar ta cika da masu kai kaji da buhunan wake. Aka ba ni gaba saboda shekaru, shi kuwa ya ce saboda faɗi ne.

Lokacin girbi ne. Hagu da dama an yanke gero, an jera dammuna, amalanken shanu suna ta kai wa gida. Inda ruwa ya ci gefen kwalta direba kan sauka cikin rairayi, mu yi ta tangaɗi, kaji su yi ta ƙara. Garke ɗaya na jajayen shanu masu dogayen ƙahoni ya tare mu, makiyayin bai ko waiwayo ba, mu ma ba wanda ya yi fushi. A Kornaka muka tsaya aka sauke kaya. Na sayi fura da nono a hannun wata Bafulatana, na ce kada ta sa sukari. Ta dube ni da tausayi, ta ƙara mini nono. Taubashina ya sha tasa da sukari har biyu, yana lumshe ido don in gani. Jandarmomi sun duba takardunmu a hanya, suka gaishe mu, muka wuce.

Hantsi ya yi muka shiga Maraɗi. Na daɗe rabona da garin, kuma abin da ya fi ba ni mamaki yawan adaidaita da kabu-kabu, kowa na sauri kamar an ce gobe ba kasuwa. Muka fara da wani kanti na kayan wasanni, mai gilashi da fanka. Akwai wandon, sabo dal cikin leda. Da mai kantin ya faɗi kuɗinsa na ɗauka da keken zai haɗa mini. Ya kai kuɗin ɗan tunkiya mai kyau a kasuwar Dakoro, kuma mafi girman da yake da shi ko rabin cikina ba zai rufe ba. Muka yi masa godiya muka fita.

Wani mai gyaran keke a bakin kasuwa ya ce mu je layin ƴan gwanjo, can ƙarshe, inda ake zube kayan ƙwallo. Mai rumfar mutum ne mai fara'a, ya tsufa a sana'ar. Da na kwatanta masa, ya nutsa hannu cikin tsibin kaya ya zaro guda uku, ƙarami da matsakaici da babba. Ya ce suna zuwa cikin dila, ba mai tambayarsu, mata kan saya su yanke igiyoyin su ɗaure kaya. Kuɗin ukun bai kai abin da muka biya a mota ba.

A nan na kusa sake yin wauta. Kowa ya san yadda muke auna wando a gwanjo: ka ɗauki ƙugun ka zagaya shi a wuyanka, in baki ya haɗu da baki, ya yi maka. Haka na yi duk rayuwata, kuma bai taɓa kunyata ni ba, don wandonmu mai tazuge ne, yana yafe kowane kuskure. Na ɗauki na tsakiya na zagaya a wuya, ya haɗu har da saura. Na ce a sa mini a leda.

Taubashina ya riƙe ledar. Ya ce, "Kai tsoho, wuyanka na zakara, cikinka na randa. Wane ne cikinsu zai sa wandon?"

Mai rumfar ya yi dariya har da riƙe gwiwa. Ya ce, "Gaskiya ya faɗa, Alhaji. Wannan ba ya yafiya. Sai an auna ka kai da kanka."

Ya ɗauki sauran biyun ya kai mu wurin wani tela a bayan layin, mai ɗinka wa ƴan ƙwallo da ƴan kokawa kaya, da keken ɗinki irin mai iya yadi mai talewa. Telan ya ɗauko metir na awo, ya ce in cire babbar riga. Ni tun da na girma ba wanda ya taɓa auna ni. Tsohon wando nake aikawa a ɗinka kamarsa. Na tsaya ina duban ƙofa, zuciyata na ce mini in karɓi ledar mu tafi. Sai na ji tafin ƙafata yana wannan mutuwar tasa cikin takalmi. Na ce wa taubashina ya fita ya nemo gishirinsa. Ya fita.

Telan ya ja labule. Ya auna ciki, ya auna cinya, ya auna daga kafaɗa zuwa ƙasa, yana ba ni labarin tsadar zare. Da ya ga na ƙame ya ce, "Baba, saki jikinka. Na auna waɗanda suka ninka ka, kuma su da alfahari suke zuwa."

Mafi girman ne ya karɓi cikina, amma igiyoyinsa sun gaza, suna ja na ƙasa kamar mai ruku'u, ƙafafunsa kuma sun yi mini yawa. Na sayi babban da ƙaramin, telan ya yanko igiyoyin ƙaramin ya ƙara tsawon na babban, ya rage faɗin cinya. Ya ɗauki almakashi zai rage tsawon ƙafa, na hana shi. A jikin masu dogayen ƙafafu wandon iyakarsa cinya, ni kuwa ya wuce mini gwiwa. Karo na farko ke nan da gajartar ƙafafuna ta yi mini rana.

Muka ci dambu da zogale a bakin tasha, muka yi la'asar, muka kamo hanya. Gishirin dabbobi dai ban gan shi ba.

Da safe na sa wandon a ƙarƙashin nawa na kullum, na ɗaure bakin ƙafa don sarƙa, na jawo keke daga bayan rumbu. Mai ɗakina tana sheƙar hatsi a tsakar gida. Ta ce, "Malam, ashe keken ya warke?"

Na ce, "Keken bai taɓa ciwo ba. Mai shi ne, ya ɓoye miki."

Ta ci gaba da sheƙarta. Ta ce, "Ai ni ke wankin wandunanka."

Na bi gefen kwalta ta hanyar Kornaka har na wuce gonata, na juyo, ban ji sirdi ba ko kaɗan. Tun ranar ban fasa ba, kuma da na koma awo lokotoro ya gyaɗa kai.

Ku da kuke karanta wannan, musamman tsararrakina, ina roƙonku: in abu ya same ku a inda riga ta rufe, ku faɗa da wuri. Kada ku ɗora wa keke laifi kamar yadda na yi. Na kusa ba da ƙafata don in ɓoye abin da mai wanki ta riga ta sani.