Ranar da Sabis Ya Sauko Shagon Kafinta

Idan aka ce Kafinta a garin nan, mutum ɗaya ake nufi, duk da akwai wasu masu buga ƙusa. Shi ya yi bencinan makaranta, shi ya sa ƙofar asibiti, kuma rabin mutanen garin a kan gadon da ya haɗa aka haife su. Ba shi da yawan magana, kullum fensir a bayan kunne, ƙusoshi a baki. Ka kawo masa kujera mai rawa, sai ya kifa ta, ya ƙare mata kallo, ya ce wanda ya yi ta ba ya tsoron Allah. Sau da yawa kuwa shi ne ya yi ta.

Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya biyu. Auta ta yi aure nan cikin gari, ita ce mai ba da kati a asibiti. Yayanta, wanda kowa ke kira Dogo, uban ya so ya gaje shi, amma hannunsa bai taɓa zama a kan zarto ba. Wata rana ya ɗauki jakarsa ya nufi birni neman aiki. Ba faɗa aka yi ba, uban da kansa ya raka shi tasha.

To, garin a cikin kwari yake, sabis ɗin waya ba ya saukowa. Wuri ɗaya ake samunsa, shi ma sai an yi sa'a: saman rufin shagon Kafinta, can kusurwar gabas. A nan yake amsa kiran Dogo, yana tsaye a kan tsani. Da farko kiran kowane mako ne, ya koma wata-wata, ya koma sai an ga dama. A kira na ƙarshe Dogo ya ce akwai maganar da yake so ya faɗa masa, sai layin ya yanke. Kafinta ya yi ta kira har hannunsa ya gaji, bai shiga ba.

Daga ranar ya ƙera ɗan akwati mai murfi, ya kafa shi a kusurwar rufin. Kowace safiya sai ya hau ya sa wayar a ciki, ya ƙure ƙararta, da yamma ya sauko da ita. Ya daina ta da janareta don kada hayaniyar inji ta danne ƙarar waya, ya koma goge katako da hannu. Aikin mako ya zama na wata. Masu kaya suka yi ƙorafi har suka gaji, wasu suka kwashe katakonsu. Shi ko a jikinsa.

Duk wanda ya tambaye shi labarin Dogo, amsa ɗaya ce: yaron na nema, sabis ne babu. Mutane sukan ce haka ne, wallahi, wannan gari sai haƙuri. Ba wanda ya taɓa ce masa ai 'ya'yan wasu suna samun iyayensu a kan rufin nan nasa. Shekaru suka tafi a haka.

Sai ga labari cewa za a jawo intanet mai sauri. An tara mutane a makaranta, wani jami'i ya yi bayanin cewa kamfanoni sun ƙi zuwa don ba riba a ƙauye, saboda haka gwamnati ce za ta biya daga kuɗin jama'a. Aka yi ta gunaguni, wasu suka ce mun sha jin irinta. Amma abin mamaki, masu haƙa ramin binne wayar intanet suka zo. Ramin sai ya bi ta tsakar gidan Kafinta, daidai gindin mangwaron da marigayiya matarsa ta dasa. Jami'in ya fara kame-kame yana neman yadda zai roƙe shi, Kafinta ya shiga shago ya fito da gatari ya miƙa masa.

Ranar da aka kunna, garin ya rikice. Matar mai shayi ta ga jikanta a waya yana rarrafe, ta rasa dariya za ta yi ko kuka. Malaman makaranta suka cika baranda, kowa kai a sunkuye. Auta ta zo shago da sabuwar waya irin ta shafawa da ta saya wa uban, ta share garin katako daga kan teburin aiki ta ajiye ta. Ta sa lambar yayanta, sai ga hotonsa ya fito. Ya yi ƙiba, ya tara gemu, yana rungume da wata jaririya da babu wanda ya san da ita.

Kafinta ya daɗe yana kallon hoton. Ya ce goshin jaririyar irin na uwarsu ne.

Auta ta kira. Wayar ta yi ta ƙara tar-tar, ba yankewa, ba ƙiƙi-ƙaƙa, har ta gaji don kanta. Uban ya ce wataƙila yana wurin aiki. Ta ce to ya yi masa saƙon murya, ta danna ta kara masa a baki. Ya cire ƙusoshin, ya gyara tsayuwa kamar mai gaida babba.

"Dogo, ni ne. An kawo mana sabis. Yanzu ko a ɗaki nake za ka same ni."

Saƙon ya tafi. Wasu 'yan alamu biyu suka fito a gefensa, masu ruwan toka. Suna tsaye suna kallo, alamun suka koma shuɗi. Kafinta ya tambayi me ke nan. Auta ta ce ba komai, haka wayoyin nan suke, ta kai hannu za ta ɗauke. Ya dafe wayar da tafinsa.

"Auta, ni na haife ki."

"Ya saurara ke nan, Baba."

"Yanzu?"

"Yanzun nan."

Suka jira. Masu wucewa suna leƙowa suna yi masa barka, yana amsawa. Rana ta yi sanyi, amsa ba ta zo ba. Auta ta fashe da kuka, ta shiga zagin yayanta, uban ya ce ta bari, ta tafi gida mijinta na jira.

Ya zaci zai ji fushi, ko zuciyarsa ta yi zafi. Bai ji komai ba. Ya ci abinci bai san ɗanɗanonsa ba, ya yi barci, ya tashi. Ya ta da janareta, ya gama ƙofofin da suka daɗe a jingine, kuma sun yi kyau. Da mai shayi ya tambaye shi ko an samu Dogo, ya buɗe baki zai ba da amsar da ya saba, ya tarar ba ta nan. Sai ya ce shayin ya yi siga da yawa.

Bayan 'yan kwanaki ya je asibiti, ya bi layin masu karɓar kati kamar kowa. Da ya iso taga, Auta ta miƙe a tsorace tana tambayar me ke damunsa. Ya ce lafiyarsa ƙalau. Ya turo mata wayar ta ƙarƙashin gilashi, ya tambaya ko ana iya kashe shuɗin nan.

Ta ce ana iyawa, amma idan ta kashe, ba zai ƙara sanin ko Yaya ya ji ko bai ji ba.

"Kashe."

Ta danna nan, ta danna can, ta mayar masa. Mutanen da ke bayansa sun fara tsaki, shi kuwa bai matsa ba. Ya goge fuskar wayar da bakin rigarsa, ya sake turo mata.

"To, nuna min inda ake dannawa a yi magana."