Takalmin Limunga Ya Sauko Shi Kaɗai

A ƙauyenmu Bokwaongo har yau akwai masu rantsuwa cewa wani takalmi ya haɗiye Limunga a kan dutse, ya gangaro gari shi kaɗai yana gyatsa. Ƙarya suke yi. Takalmin bai yi gyatsa ba, Limunga kuma tana nan da ranta, jiya ma sai da ta zage ni. 'Yar kawuna ce, manomiyar gwaza, kuma tun tana budurwa ba ta fashin tseren hawan dutsen Buea.

Da takalmin taya ta fara, wanda Mola Ekema yake yankawa a bakin kasuwa. Tafinsa kamar katako, in ta taka, ƙwas ƙwas, har Douala ana ji. Ta koma na roba. Sai 'yan gwanjo suka kawo mai 'yar taga a dunduniya, wai iska aka ɗura a ciki. Tsakuwa mai kaifi ta huda shi, ta ƙarasa tseren dunduniyarta na huci kamar kububuwa. Bara kuma ɗanta Lyonga ya aiko mata da na zamani, ruwan ɗorawa, tafinsa soso mai kaurin katifa, nauyinsa bai kai na ganyen ayaba ba.

Ta sa shi a tsakar gida, ta ɗan taka, ta tsaya cak.

"Mbua, ba na jin ƙasa."

Na ce, "Ai abin da aka saya ke nan, sarauniyar gwaza. Gwiwar nan ta girmi kakata, bar ta ta huta."

Ba ta yi dariya ba. Ita ba hawa take tsoro ba, saukowa ce. A can sama tsakuwa na gudu a ƙarƙashin mutum, hazo ya rufe ido, ga kwazazzabo a gefe, sai tafin ƙafa ne ke gaya maka dutsen da ya motsa. Amma Lyonga zai zo kallo, ba ta son ya ga ta ajiye kyautarsa.

Ranar tsere muna filin wasa muna jira. Maza suka sauko. Mata suka fara shigowa, har waɗanda Limunga ta saba bari a baya suna haki. Babu ita. Hazo ya cinye dutsen ƙurmus. Sai ga wani ɗan tsere riƙe da takalmi ruwan ɗorawa, na ƙafar hagu, duk taɓo.

Ya ce, "A bakin kwazazzabo na tsince shi. Na kira, ba a amsa ba."

Lyonga ya zauna a ƙasa. Mola Ekema ya cire hularsa. Ni kuwa na ce mu tashi mu nemo ta. Muka kama hanyar hawa muna kiran sunanta, dajin na maido mana da muryarmu. Duk baƙin dutsen da na hango a hazo sai in ga kamar mutum ne a kwance. Lyonga na bayana yana ta cewa, "Ni na saya mata, ni na saya mata."

Can sai muka ji daga sama: ƙwas, ƙwas.

Ga ta tana ɗingishi, gwiwa a kuje, tsohon takalmin taya a ƙafarta, na soso na reto a wuyanta. Ashe a ƙugu ta ɗaure na tayar, cikin riga. Dutse ya motsa ba ta ji ba, ta zame, ta kama saiwa da hannu, takalmin hagun ya fice. Da ta rarrafo can ƙasa, sai ta zauna ta canza.

Na ce, "Kin ci tsere, Limunga. Takalminki ya riga ki isowa, shi za a ba kofi."

Ta cire na wuyanta ta danna mini a ƙirji.

"Da ƙafa nake gani a dutsen nan, kuka rufe mata ido da katifa. Ungo, kai da ba ka taɓa hawa komai ba sai gado, yi matashi da shi."